Bazarar da Na Niƙa Bawul a Ɗakin Takaba

Bazarar bana ta shigo da zafinta tun da wuri. Ruwan randa kan yi ɗumi kafin azahar, kaji su buɗe baki su lafe a ƙarƙashin rumbu, ko kare ba ya son motsi. Shekaranjiya ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gida ina tsintar wake, sai Auta ya shigo da wani baƙin ƙarfe a cikin tsumma, ya ajiye kusa da ƙafata. Kan injin 'yar taraktarsa ne, irin ƙaramar nan da ake riƙewa da hannu ana bin ta a baya, wadda yayansa ya aiko masa daga Funtua. Ya ce yana cikin gyaran gona ta yi tari ta mutu, kuma in ya ja igiya sai ta taho salalam, babu nauyi. Ya zauna, ya lakato man niƙa ya shafa a bakin bawul, ya fara murza sanda tsakanin tafukansa. Da na ji ƙarar, ƙarfe yana cin ƙarfe a hankali, sai na ga hannuna ya tsaya a cikin waken.

Na san ƙarar nan. Na yi wata bazara da ita, lokacin Auta yana goye.

Daminar da ta gabaci wannan bazarar ba ta cika ba. Ruwa ya ɗauke masara tana goyo, abin da muka zuba a rumbu bai kai inda ya saba kaiwa ba. Sai Malam, mahaifin yaran, ya mai da ƙarfinsa kan albasar rani a fadamar da ke gangaren ƙauyenmu, kusa da Gozaki. Yana da injin ban ruwa ɗan ƙarami, ja, mai amfani da fetur. Da asuba yake ɗora shi a babur, sai la'asar ya dawo da shi duk laka. Da zafi ya fara, albasa ta soma yin kai tana neman ruwa, ya riƙa barin injin yana aiki tun safe har rana ta take. Laka da ciyawa suka toshe inda iska ke shiga ta sanyaya shi. Ya fara rage ƙarfi, ya koma atishawa, wata rana ya yi shiru.

Abokin Malam ne ya zo ya buɗe shi a zaurenmu, wani bakanike Bayarabe da ake kira Sande, haifaffen Malumfashi. In kana jin muryarsa daga bayan katanga ba za ka ce ba ɗan garin nan ba ne. Ina daga ciki ina jin su. Ya ce bawul biyu ne a kan injin, babba na shigar mai, ƙarami na fitar hayaƙi, kuma ƙaramin ya ƙone, bakinsa ya gutsure kamar ɓera ya ci ƙuli-ƙuli. Gaskit ɗin da ke tsakanin kai da jiki shi ma ya ƙone, kan kuma ya ɗan lanƙwashe don zafi. Washegari suka hau babur ɗin Malam suka tafi Funtua sayo sababbi. A hanyar dawowa wata babbar mota ta same su. Malam bai tashi daga wurin ba. Sande ya karye a hannun dama.

Ba ni da abin faɗa mai yawa a kan ranar. Na tuna tukunyar da ke kan murhu, na tuna wani ya sauke ta. Da aka kawo mini rigar Malam, na ji nauyi a aljihu. Bawul biyu ne a naɗe cikin takardar siminti, sai gaskit tsakanin kwali biyu, ko lanƙwasa bai yi ba. Na duba su, na mayar, na tura ƙarƙashin filo.

Inna, mahaifiyar Malam, ita ta shigar da ni takaba. Ta kwashe kwallina da turare da lalle ta ƙulle a tsumma. Ta sauke madubin aurena daga bango, mai faɗi ne da katako a gefe, ta jingina shi bayan gado fuskarsa na kallon bango. Ta ce ba fita, ba ɗaga murya. Ko ba ta ce ba, ba ni da muryar ɗagawa. Matan da suka zo share zaure don maza masu gaisuwa suka tattara kayan injin, noti da sifirin da komai, suka zuba a babban daro suka turo ƙarƙashin gadona. Ɗakin ya riƙa warin baƙin mai.

Baƙi suka yi ta zuwa, ana dafa musu. Kullum ina jin taɓarya a tsakar gida, na san daga rumbunmu ake ɗiba, na san inda hatsin yake sauka, amma sanin bai taɓa ni ba. In an ce Allah ya ji ƙansa, in ce amin. In an miƙo Auta, in ba shi nono. In an karɓe shi, in ci gaba da kallon inda rana ta shigo ta ƙasan ƙofa.

Malam Buba, maƙwabcinmu a fadama, ya aiko cewa bakin ganyen albasa ya fara ja. Yana ɗan tsakura mata ruwa da injinsa in ya gama nasa, amma tasa gonar ma ba ta ƙoshi.

Bayan sadakar bakwai, Yaya Alhaji, wan Malam da ke sayar da hatsi a Funtua, ya leƙa rumbun, sannan ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata. Mutum ne mai sauƙi, bai zo da faɗa ba. Ya ce abin da ya gani ba zai kai mu ko farkon damina ba. In albasar nan ta lalace, ba zai bar 'ya'yan ƙanensa da yunwa ba: zai ɗauki ɗan farina da babbar mace zuwa Funtua, gwaggonsu ta Dandume ta ɗauki ƙaramar, Auta ya zauna tare da ni har a yaye shi. Huɗu gare ni. Na ce to. Na ji shi ya daɗe a tsugune, kamar yana jiran in ƙara wani abu, sannan ya tashi.

Ba a jima ba Sande ya zo, hannu ɗaure da karan ɗori, rataye a wuya. Ya zauna a zaure yana kuka kamar yaro, har Inna ta ce masa ya isa, ita da ta haifa ma ta yi shiru. Da ya natsu ya tambayi kayan injin. Inna ta ja daron ta kai masa, na ba ta ƙunshin da ke ƙarƙashin filo. Ɗakina shi ne na kusa da zaure, don haka in na tsaya a bayan labule muna jin juna.

Ya ce ya yi niyyar tura injin zuwa shagonsa, amma lokacin ne kowane inji a ƙasar nan ke lalacewa, sun yi layi har bakin titi, yaransa kuma in suka karɓa sai dai su ɗaura sabon bawul haka nan su ɗaure, ya yi kwana kaɗan ya sake ƙonewa. Sabon bawul ba ya zama daidai a tsohon gurbi sai an niƙa su tare har bakinsu ya haɗu, iska ba ta samun wurin fita. Kan kuma sai an goge shi ya miƙe.

"Uwargida," ya ce, "aikin nan ba ƙarfi yake so ba, zama yake so. Ni ba hannu. Kuma duk garin nan yanzu babu wanda ya kai ki zama."

Inna ta ce masa ba shi da kunya. Ni na ce ta miƙo.

Da kankara muka fara. Cikin kan injin ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na samu karyayyen cokali da kananzir na riƙa kankarewa a hankali, Sande yana ta jaddadawa daga zaure kada in taɓa gefen da zai kwanta a kan gaskit. Da ya yi fes, sai ya ce a nemo gilashi mai faɗi, wanda ba shi da tudu ko kwari, don a kansa ake miƙar da kai. Inna ta ce ina za a ga gilashi a gidan ƙasa. Sannan ta shigo ta tsaya tana kallon bayan gado.

"Mai takaba ba ta duba madubi," ta ce.

"Ba dubawa za ta yi ba, Inna. Rufe shi za mu yi da samfefa."

Ita da kanta ta kwantar da shi a ƙasa, ta shimfiɗa samfefar, takardar yashin nan ta goge ƙarfe, a kai kafin in matso. Aka jiƙa ta da kananzir. Sande ya sa aka zana layuka da gawayi a fuskar ƙarfen, ya ce in kifa shi in yi ta zagayawa da shi, kada in danna, nauyinsa ya isa. Ranar da layukan suka goge baki ɗaya, ko'ina daidai, to ya miƙe. Da farko gefe biyu ne kawai suka goge, tsakiya na nan baƙi. Na sake zanawa, na sake zagayawa.

Zafin wannan shekarar ban ga irinsa ba. Kwanon ɗaki yana ƙara shi kaɗai da tsakar rana. Gumi na bin haɓata yana ɗiga a kan samfefa. Auta a bayana, ƙuraje sun feso masa a wuya, amma jijjigar aikin takan sa shi barci. Mun koma koko tsararo da safe, tuwo sau ɗaya, sai kwaɗon zogale in an samu. Nonona ya ragu. Yunwar ba ta yi mini ciwo ba, sai dai in na miƙe tsaye ɗakin ya ɗan juya, in dafa bango in jira ya tsaya.

Da kan ya miƙe aka koma bawul. Sande ya aiko da ɗan gwangwanin man niƙa, toka-toka mai yashi-yashi, da wata sanda mai roba a baki wadda ke kama kan bawul. Ya yi wa Inna bayani mai tsawo. Ta shigo ta ce, "Ya ce ki shafa kaɗan a bakin, ki sa a ramin, ki burga kamar miyar kuka. Ki ɗaga, ki ɗan juya, ki sake burgawa."

Daga zaure ya ce shi bai ce miyar kuka ba.

"To ni na ce. Kai ka taɓa riƙe maburgi?"

Hannuna ya riga ya san aikin. Da fari ƙarar tana da kaushi, kamar ana taka tsakuwa. In ka daɗe sai ta yi laushi, ta koma kamar ana tankaɗe. Nan za ka goge, ka duba ko wani siririn zobe mai launin toka ya zagaye bakin bawul ɗin ba yankewa. In ya yanke a wani wuri, ka sake shafawa. Sande ya ce kada ko ɗigon man ya gangara jikin sandar bawul, kuma in an gama a wanke tas, don abin da ya rage zai shiga ya ci injin daga ciki.

Mutane suna tsammanin ina tunanin Malam ne a lokacin. Ba na tunaninsa. Yaran ma ba na tunaninsu, ko da yake na san don su nake yi. Ƙarar kawai nake saurare. In na idar da sallah in koma tabarma in ɗauki sanda. In aka yi sallama in ajiye, in amsa gaisuwa, in ɗauka. Wasu mata da suka zo daga Ƙarfi suka ga hannuna baƙi, suka ji warin ɗakin, ɗaya ta ja Inna gefe tana tambaya ko wannan ya dace da mai takaba. Inna ba ta rage murya ba.

"Turare aka hana ta. Ban ji malamin da ya hana kananzir ba."

Gwajin shi ne a kifa kan injin, bawul suna zaune a gurbinsu, a cika ramin da kananzir a jira. In bai zurara ta ƙasa ba, ya yi. Inna ce ke ɗauka a hannu biyu ta kai zaure, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da cikakkiyar ƙwaryar fura. A gwajin farko babban bawul ya riƙe, ƙaramin ya jiƙe ta ƙasa. Ta dawo da shi. Na sake. Ya sake jiƙewa, amma kaɗan. A ranar Malam Buba ya aiko cewa fangalin da ke sama, nesa da rijiya, sun kwanta, na gangare ne ke da sauran kore. Na ji saƙon, na lakato man niƙa. Tafukana sun yi ja, sun ɗuri ruwa, sun fashe, na naɗa tsumma.

Wata ranar Alhamis da hantsi Inna ta kai zaure. Suka daɗe har na ɗauka sun manta da ni. Can na ji Sande ya gyara murya.

"Uwargida, ya riƙe."

Na ce alhamdu lillahi. Na duba cikina ko zan ji wani abu, ban samu ba.

Washegari Yaya Alhaji ya zo. Bayan Juma'a ya naɗe hannun farar rigarsa ya tsuguna, Sande yana nuna masa da hagu. Shi ya danna sifirin, shi ya ɗora gaskit, shi ya riƙe sifana. Sande ya ce a ɗaure noti a gicciye, wannan kaɗan, na ƙetarensa kaɗan, a yi ta zagayawa, in ba haka ba kan zai sake lanƙwashewa. Ina ji yana cewa, "Alhaji, a hankali, ba bakin buhu kake ɗaurewa ba." Yaya Alhaji ya yi dariya, ita ce dariyar farko da aka yi a gidan. Da ya ja igiya ya ce nauyi ya dawo. Ya ja, ya sake ja, injin ya yi tari, ya kama. Hayaƙi ya shigo har tsakar gida, yara suka ruga waje.

Ni ina ɗaki, ina tattara kaya. Na ɗaga samfefar daga kan madubin don in goge kananzir, sai ga wata mata tana kallona, wuyanta ya zurma, da baƙin mai a kumatu. Na dube ta kamar yadda ake duban baƙuwar da ba a tuna sunanta ba. Gefen gilashin duk ya karce inda yashi ya zame. Na goge shi, na mayar bayan gado, fuskarsa a bango.

Aka ɗora injin a amalanke aka kai fadama, Malam Buba ya karɓi ban ruwan. In iska ta juyo ta wajenmu da safe nakan ji shi daga nesa, siririyar ƙara, ba ta yankewa. Albasar gangare ta farfaɗo ta yi kai. Ta sama ta riga ta tafi, abin da aka tono bai fi tafarnuwa ba. Aka sayar da wadda ta yi, aka sayo masara aka zuba a rumbu. Yaya Alhaji ya sake leƙawa, ya sake tsugunawa a ƙofata. Ya ce an gode Allah, wannan zai riƙe gidan zuwa sabon hatsi in aka rage baki ɗaya. 'Yan matan su zauna. Zai tafi da babban, ya sa shi makaranta, ya koya masa kasuwa.

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce a bar mata shi. Da ɗaya daga cikin matan ya ce, da wataƙila na samu abin faɗa. Inna tana zaune a gefen gado, ta daɗe tana kallona. Ni ina kallon farcena, baƙin bai gama fita daga lungunansu ba. Na ce Allah ya saka da alheri.

Da safe suka tafi. Hadari ya haɗo ta gabas, iska ta tsaya cik. Yaron ya zo bakin labule da ƙullin kayansa, ya ce ya tafi. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Na saurari babur ɗin Yaya Alhaji har ya hau titin Funtua, har na daina ji. Da la'asar ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin, kwano ya yi ta ƙara. Malam Buba ya dawo da injin ya ajiye a zaure ya rufe shi da buhu, tunda an gama da shi sai wata shekara.

Yanzu fadamar ta yi shiru, yawanci da hasken rana suke jan ruwa. Samari in kan inji ya lalace sai su sayi wani su ɗaura. Inna ta daɗe da rasuwa. Sande ya yi furfura, hannun bai miƙe daidai ba, in ya zo gaisuwar Sallah har yanzu a zaure yake tsayawa. Na Funtua ya zama magidanci, yana da rumfarsa, ba ya barin mu da rashin komai. In ya zo yakan durƙusa ya gaishe ni, in amsa, in tambayi iyali, sai ya koma wajen ƙannensa su yi hira.

Auta yana ta murza sandar da sauri, yana dannawa kamar mai haƙa rami. Na ture faifan wake na ce ya ba ni.

"Iya, wannan fa ba miya ba ce."

Na ce ya dai ba ni. Na goge man da ya yi wa yawa, na shafa kaɗan, na burga, na ɗaga, na juya. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, inuwar darbejiya dai ta matsa ta bar ƙafafuna a rana. Da ƙarar ta yi laushi na miƙa masa na ce ya wanke ya zuba kananzir. Ya zuba, ya tsuguna yana leƙen ƙasa. Bai jiƙe ba.

Ya dube ni, ya dubi ƙarfen, ya zaro waya ya kira yayansa, ya buɗe muryar wayar don in ji. Yana dariya yana cewa ya zo ya ga abin mamaki, Iya ce ta niƙa masa bawul. Can ɓangaren ana jin hayaniyar kasuwa. Sannan na ji muryarsa, irin ta Malam sak.

"Ai ta iya. A bayan ƙofarta nake zama lokacin, ina ji. Har na gane inda za ta ɗaga ta juya."

Ban san yana wurin ba.

Auta ya miƙo mini wayar. Hannuna duk man niƙa ne, ban karɓa ba. Na ce ya tambaye shi ko hadari ya fara haɗowa a wajensu. Ya ce ya fara. Na ce to, Allah ya saukar lafiya, na jawo faifan waken na ci gaba da tsinta.